Zumar da Clifford Ya Jiyo a Bango

Duk garin Kelderby babu wanda bai san labarin kunnen Clifford Haygarth ba, don mai kunnen ba ya bari a manta. A faɗarsa, yana kwance a ɗaki yake gane motar wa ta wuce da irin man da aka zuba mata. Ya ce gado ne, kakansa yakan kara kunne a cikin saniya ya faɗi ko ɗan maraƙi za ta haifa ko 'yar maraƙa. Matarsa Glenys ce kawai ke da wani labari daban. Ita ta san sai muryarta ta dushe kafin ya amsa kiran abinci, kuma in ya kunna talabijin har maƙwabta sai sun san wanda ya ci ƙwallo. Amma Glenys ta daɗe da gajiya da gyara masa zance a gaban mutane.

Clifford shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin taron gari. Wani ƙaton baƙin ƙarfe ne tsohon yayi, ubansa ya riƙe shi har ya mutu, shi kuma ya rataye shi a bel yana yawo da shi har coci. Mai biki, mai suna, matan ƙungiyar waƙa, duk wanda ke son a buɗe masa ɗakin nan sai ya zo ya tsaya a ƙofar Clifford ya sha lacca tukuna. In ka raba shi da mabuɗin nan, tsoho ne kawai mai hular ulu da yawan surutu, kuma shi ma a can ƙasan ransa ya san haka.

To mabuɗin ya fara rawa tun hunturun da ya wuce, lokacin da ya gyara tukunyar ɗumama ɗakin da kunne, aka yi liyafar Kirsimeti kowa cikin kwat da safar hannu. Shugabar kwamiti, Misis Enid Tennant, mace ce da ba ta maimaita magana, ta ce masa saura ɓarna ɗaya. Ga kuma Trevor Iveson a gefe yana jira, wani da ya taso daga Leeds ya zauna a garin har gashinsa ya yi fari, amma har gobe Clifford baƙo yake ce masa.

Da farkon bazara ɓerayen ƙasa suka addabi ciyawar gaban ɗakin taro, kullum da safe sai an ga sabon tsibin ƙasa. Clifford ya shelanta cewa zai kore su da sirrin kakansa, wani fito ne da ake yi a bakin rami. Aka gan shi durƙushe yana fito, mutane suka taru suna kallo. Abin da ba a gani ba shi ne sandar ƙarfen da ya yi oda a ɓoye, mai ɗan faifan hasken rana a ka, wadda kwalinta ya ce tana korar ɓerayen ƙasa da ƙararta. Ya rubuta sunansa a jikinta da fenti ruwan ɗorawa, yadda yake yi wa tsaninsa da bokitinsa da duk abin da ya mallaka, ya kai ta bayan wani kurmin fure a gindin bangon baya, ya danna ta a ƙasa har ta daki wani abu mai tauri, ya ƙara mata guduma don ta zauna. Ana ta yayyafi kamar kullum. Ya kara kunne, shiru. Ya ce irin na zamani ne, ɓera kaɗai ke jin su. Ɓerayen kuwa, don wani dalili nasu, suka koma lambun Trevor. Clifford ya sha giyar kyauta a kan wannan nasara har ya manta da sandar.

Sai watan Yuli ya zo, rana ta tuna da Kelderby, abin kuma ya fara. Matan ƙungiyar waƙa na tsakiyar gwaji sai suka ji bangon baya ya ɗauki wani ƙugi, ziii, ya yi shiru, can an jima ya sake, ziii. Masu motsa jiki na ranar Talata suka kasa rufe ido su nutsu. Wata tsohuwa ta ce har a haƙoranta take jin sa. Ga bikin baje kolin gari ya matso, ranar Asabar, kuma a ɗakin nan ake jera kek da kayan lambu a yi musu hukunci.

Da yamma a mashayar Alec, Trevor ya tayar da maganar. Ya ce, "Cliff, akwai wani buzz a ɗakinka fa. Mata sun fara ƙorafi."

Clifford ya ajiye kofinsa a hankali, ya dubi rufi kamar mai neman haƙuri. "Kun ji ko? Buzz. Matsalar ƙasar nan ke nan. Ƙudan zuma ya yi kuka, ku ce buzz. Ƙuda ya maƙale a taga, buzz. Firji, buzz. Ƙararrawar ƙofa, buzz. Waya ta yi rawa a aljihu, buzz. Har gulma in ta zaga gari ku ce buzz ne. Kalma ɗaya kuka samu kuka ɗora mata duniya, saboda duk kurame ne ku."

Alec ya ce, "To kai me kake ce masa?"

"Ni ba suna nake sa masa ba, saurarensa nake yi. Akwai na fiffike, akwai na wayar wuta, akwai na inji. Kowanne da muryarsa. Ni daga ji ɗaya na san ubansa."

"To wannan da ke tashi yanzu fa, na mene ne?"

Clifford ya runtse ido, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa a yi shiru. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Na inji ne. Firjinka ne na bayan kanta, kuma ina ba ka shawara ka fara neman sabo."

Alec ya ce, "Wayarka ce a aljihu. Glenys ke nemanka tun ɗazu."

Ana cikin dariyar Misis Tennant ta shigo da ɗan karenta Pickle, wani fitinanne mai gajerun ƙafafu. Ko zama ba ta yi ba, ta ce gobe za ta kira wani daga birni ya zo ya duba bangon. Clifford, da dariyar ke ci masa rai, ya miƙe ya kwance mabuɗin daga bel ya buga shi a tebur.

"Wani daga birni? A ɗakina? Misis Tennant, ki ba ni zuwa Asabar. In ban fito da abin nan a gaban kowa ba, ga mabuɗi nan, ki ba baƙon nan naki."

Ta dubi mutanen mashaya ta ce, "Kowa ya ji?"

Trevor ya ce, "Har mu kurame mun ji."

Washegari Clifford ya shiga ɗakin taro da sanyin safiya, ya zaga yana kara kunne a bango, a ƙofa, a ƙasa. Hukuncinsa na farko ya faɗa kan tsohon firjin kicin. Ya jawo shi shi kaɗai, yana nishi, har bakin ƙofa, firjin ya sauka a kan babban yatsansa, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana ambaton abubuwan da ba a faɗa kusa da coci. Da ya zauna yana murza yatsan, sai bango ya ce ziii.

Ya ce to na wayar wuta ne, dama ya so ya faɗa. Ya je ya kashe wutar ginin gaba ɗaya, ya tsaya a tsakiyar ɗaki da hannu a ƙugu. Bango ya ce ziii. Ya fita waje yana saƙe-saƙe, kuma da yake kansa ba ya ɗaukar abu biyu a lokaci guda, bai mayar da wutar ba. Sai da maraice matan kwamiti suka zo suka tarar askirim ɗin biki ya narke ya malalo daga injin sanyi har ƙarƙashin ƙofar kicin, Pickle na lasa yana kaɗa wutsiya.

Amma Clifford ko a jikinsa, don ya riga ya gano wani babban abu. Ya lura in gajimare ya rufe rana ƙugin yakan yi shiru, in rana ta fito ya dawo. Ya shiga gida yana ɗingishi, fuskarsa na ƙyalli.

"Glenys, zauna ki ji. Ba ya buƙatar wuta, ke nan mai rai ne. Yana aiki da rana, yana hutawa da ruwa. Wace halitta ce wannan?"

Ta ce, "Ba kai ba ne dai, kai ko da rana ba ka aiki."

"Ƙudan zuma ne, mace. Gida guda a cikin bango. Daga kaurin muryar na san sun yi shekaru a ciki. Bangon nan cike yake da zuma daga ƙasa har rufi."

"Cliff, ka ga ƙudan zuma ko ɗaya yana shiga?"

"Suna da hanyarsu."

"Ka taɓa riƙe amya a rayuwarka?"

"Kakana ya riƙe."

"Kakanka ma'aikacin jirgin ƙasa ne."

"A lokacin hutunsa," in ji Clifford, ya fice.

Kafin a jima labari ya game gari, don shi da kansa ya bi gida gida da shi. Ya ce ranar Asabar, a gaban kowa, zai fito da ƙudan zuman nan irin yadda mutanen zamanin da suke yi, kuma kowane gida ya zo da kwalba. Ya tsaya a gaban shago ya koya wa mutane tsohuwar al'adar da kowa ya sani: in ƙudan zuma suka tashi, wanda ya bi su yana kaɗa kasko da mabuɗin ƙofa, nasa ne, ko a gonar wa suka sauka, kuma yana da ikon tsallaka shingen kowa a bayansu. Ya ce shi ga mabuɗi a ƙugunsa, kasko kuma Glenys na da shi. Misis Tennant ta so ta hana, amma mutane sun riga sun fara wanke kwalabe, ga shi an buga a allon gari, har mutanen ƙauyukan kusa sun ce za su zo kallo.

Saura abu ɗaya. Mutanen da sun ce ba a taɓa ƙudan zuma sai an gaya musu labarin gida, wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya ƙaura, in ba haka ba su yi fushi. Ranar Juma'a da rana Clifford ya jawo kujera gaban bangon baya, ya ƙwanƙwasa a hankali da mabuɗi, ya gyara murya. Bai ji motsin matan da ke jera furanni a bayan labulen dandamali ba, ko da yake almakashinsu na ta ƙaras ƙaras.

Ya ce, "'Yan uwa, ni ne Clifford, mai ɗakin nan. Gobe za ku ƙaura, kada ku ji tsoro, kuna hannun gwani."

Bango ya ce ziii.

"Madalla. To labarin gari. Tsohon Rabaran ya rasu, sabon kuma wa'azinsa ba ya ƙarewa. Akwai wani baƙo Trevor, in kun ga mai gajeren wando da farar ƙafa, ban ce ku harbe shi ba, amma ban hana ba."

Ziii.

"Sai Enid Tennant. Ku yi hankali da ita, harbinta ya fi naku. Kek ɗin nan da take cin kyauta da shi kowace shekara, a birni take sayowa, ta cire takarda ta barbaɗa sukari. Ni na ji ƙarar takardar daga nan."

Ziii, in ji bango, kamar ya ce haka ne.

Labule ya buɗe. Misis Tennant ta fito da almakashi a hannu, matan kwamiti a bayanta, wata ta toshe baki da fure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mista Haygarth, in ka gama da baƙinka, ka gaya musu gobe da azahar nake son mabuɗina ko zumata." Daga ranar da ta fara ce masa Mista, kowa ya san an wuce wasa.

Asabar ta zo da rana irin wadda Kelderby kan samu sau ɗaya a shekara. Filin gaban ɗakin ya cika da rumfuna, tumaki a shinge, 'yan kaɗe-kaɗen ƙaho na gwada kayansu. A ciki kuwa an jera kek a dogon tebur gab da bangon baya, don nan ne inuwa, ga albasa da kabeji an wanke su suna sheƙi. Mutane suka cika ɗakin maƙil, kowa da kwalbarsa. Bango na ta aikinsa, yau har da ƙarin ƙarfi.

Clifford ya shigo. Ya sa takalman roba har gwiwa, safar wanke-wanke a hannu, ya ɗaure ƙafar wando da igiya, a kansa kuma hular kaba wadda ya lulluɓe da farin labulen tagar ɗakin Glenys har kafaɗa. Hannu ɗaya guduma, ɗayan bokitin tsummokara, kasko a rataye a wuya.

Alec ya ce, "Amarya ta iso."

Glenys ta ce, "Labulena ne wannan, Cliff."

Clifford bai kula su ba, ko kuma bai ji ba. Ya ce a matsa baya, mata da masu raunin zuciya su tsaya kusa da ƙofa. Trevor ya ce ko a ɗauke teburin kek tukuna? Clifford ya ce baƙo ya bar aikin 'yan gari ga 'yan gari. Ya ƙyasta ashana ya jefa a bokiti, wai hayaƙi ne ke kwantar da ƙudan zuma. Tsummokaran kuwa waɗanda yake goge injin yankan ciyawa ne da su, sun sha mai. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu, jarirai suka taya ta, tsofaffi suka kama tari. Alec ya ce, "Cliff, wannan na fiffike ne ko na inji?"

Sai da wani ya hau kujera ya kashe ƙararrawar. Clifford, labulensa ya koma baƙi, ya kara kunne a bango, ya matsa hagu, ya matsa dama, ya dangwala yatsa a wuri ɗaya ya ce, "Sarauniya tana nan." Ya ɗaga guduma ya maka. Filastar da ta fi kowa a ɗakin shekaru ta tsage har sama, wani ƙaton ɓangare ya ɓallo ya sauka a teburin kek, ƙura ta tashi. Da ta lafa, babu mai iya bambance kek ɗin Misis Tennant da bulo.

Ya zura hannu a ramin har kafaɗa, ɗaki ya yi tsit, mutane suka ɗaga kwalabe. Ya laluba, ya laluba, ya zaro wata tsohuwar safa da gidan gizo-gizo.

"Sun ja baya," in ji shi. "Haka suke yi in sun ji gwani."

Ya matsa ƙasa kusa da daɓe, inda ƙugin ya fi ƙarfi, ya sake makawa da duk ƙarfinsa. Wannan karon ya samu wani abu, domin nan bututun ruwan ƙarfe ya shigo daga waje. Ruwa ya yi tsartuwa ya buge shi a ƙirji, ya wanke kabeji, ya kashe bokitin hayaƙi, ya bi ƙasa ya shiga takalman mutane.

Duk wannan bidiri Pickle ba ya ciki. Hayaƙi ya kore shi waje, ya zaga baya, ya ji ƙanshin ɓeran ƙasa a gindin kurmin fure, ya kama tono. Bai samu ɓera ba, amma ya samu wata sanda da ke kuka, ya cije ta ya girgiza har ya tumɓuke ta. A ciki, nan take bango ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har mutane suka fara kallon juna.

Can sai aka jiyo ƙugin daga waje, ta taga, ziii, yana tafiya.

Clifford ya daka tsalle. "Sun tashi! Sarauniya ta fita da su, na gaya muku suna da hanyarsu." Ya fizge mabuɗi daga bel, ya cafe kasko, ya bangaje mutane ya fita yana kaɗawa, ƙwal ƙwal ƙwal. Jiƙaƙƙen labule ya manne masa a fuska, ba ya ganin komai sai inuwa, kunnen da yake taƙama da shi kuwa kaskon ya gama da shi. Inda ya ga mutane na nunawa, nan yake bi. Mutanen kuwa kare suke nunawa, wanda ya ga ƙaton dodo na bin sa da kasko ya ranta a na kare da sandarsa a baki, tana karkarwa a haƙoransa.

"Nawa ne," Clifford ke ihu yana gudu. "Ku shaida, ni na bi su, nawa ne."

Trevor na biye da shi a gefe, yana haki saboda dariya. "Cliff, ka tabbata naka ne?"

"Ka ji ɗan baƙin ciki. Abin da ke kukan nan nawa ne, babu mai rabo a ciki. Kowa ya shaida."

"Mun shaida," in ji rabin gari.

Kare ya bi ta ƙarƙashin shingen tumaki, Clifford ya bi ta kansa, tun da al'ada ta ba shi iko, shingen ya kwanta, tumaki suka watsu cikin 'yan kaɗe-kaɗe. Kare ya ratsa rumfar shayi, Clifford ya tafi da igiyar rumfar a ƙafa, rumfa ta durƙusa a kan sabon Rabaran da kofinsa. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, ya ci gaba da safa, bai daina kaɗa kasko ba, bai daina faɗin nasa ne ba. A ƙarshe Pickle ya gaji da wasan, ya zago ya dawo ƙofar ɗakin taro inda uwar ɗakinsa ke tsaye, filasta a gashinta, ruwa na bin bayan takalmanta. Ya ajiye sandar a gabanta ya zauna.

Clifford ya iso, ya yi kaɗawar ƙarshe, ya ce da haki, "Sun sauka. Kowa ya tsaya inda yake." Ya yaye labulen daga fuska ya dubi sama, ya dubi bishiya, ya dubi rufi. Sannan ya bi idanun mutane ya dubi ƙasa.

Sandar ta ce ziii.

Misis Tennant ta sunkuya ta ɗauka, ta share ƙasar jikinta da yatsa, ta ɗaga ta yadda na baya ma za su gani. Fentin ruwan ɗorawa bai goge ba ko kaɗan. Ta karanta a hankali, "C. Haygarth. To, ba ka yi ƙarya ba, taka ce."

Alec ya matso ya duba. "Ai abin korar ɓerayen ƙasa ne, surukina na da irinsa. Cliff, ashe wannan ne fiton kakanka."

Wata mata da ta zaga baya ta dawo ta ce a jikin bututun ruwa aka kafa sandar, kuma ga sabon tsibin ƙasa a gefen ramin, da alama ɓerayen ma sun dawo sun tare kusa da shi.

Clifford ya buɗe baki. Ya ce ai dama gwaji ne, yana so ya ga ko akwai mai kunne a garin. Ya ce ƙudan zuman na nan, wannan abin ne ya rufe muryarsu. Wani tsoho ya juya kwalbarsa ya girgiza ta a gabansa. Misis Tennant kuwa hannu kawai ta miƙa masa.

Nan dariyar ta ɗan ragu. Clifford ya dubi mabuɗin, bakinsa duk ya lotse da dukan kasko. Tun yana yaro yake ganinsa a ƙugun ubansa, kuma bai taɓa zaton zai ga ranar da zai kwana a gidan wani ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da yatsan da firji ya danne. Ya ɗora shi a tafin hannunta. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙa wa Trevor, ta ce ya fara da kashe ruwa. Sannan ta ɗora wa Clifford sandar a hannu ta ce, "Ka bi ta da kasko, ka kafa shaidu. Ɗauki kayarka, ka je ka gaya mata labarin gari."

Haka ya kama hanyar gida, takalmi ɗaya, baƙin labule a kafaɗa, Glenys na gefe da kaskonta da ya zama faranti. Ya cusa sandar a aljihun kwat, amma kanta mai faifai ya leƙo waje, rana kuma ta ƙi shiga gajimare. Duk ɗan taƙi sai ta ce ziii, mutanen da ke ƙofar gidajensu su juyo, wasu su ɗaga hula. Hannunsa na ta kaiwa bel yana shafa wurin da babu komai.

Sun kusa gida Glenys ta dube shi ta ce, "To mai kunne, wannan na fiffike ne, na wayar wuta ne, ko na inji?"

Clifford ya juyo, ya kara hannu a bayan kunne.

"Me kika ce?"